Kallon tsuntsayen daji a Tawa da kewaye: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban lakwal, malamansu da masu lambu a bakin tabki su ne suka fi aiko da waɗannan tambayoyi, kuma da yawansu sun taso ne daga bidiyon da ake turawa a Facebook da WhatsApp. An tattara su nan domin mai son ya fara kallon tsuntsaye da idon basira, ya kuma iya faɗin abin da ya gani yadda wani zai gane.

Malam, na ga kolibiri a lambunmu yana shan fure. Ashe akwai shi a Nijar?

Babu shi, ɗan'uwa. Ba a Nijar kaɗai ba, duk Afirka babu kolibiri a daji, haka Turai da Asiya. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai shan ruwan fure, na nahiyar Amurka, daga Alaska a arewa har ƙarshen kudancin Ajantina da Chile, kuma irinsa ya haura 350. Ƙasashen Kolombiya da Ekwado ne suka fi kowa yawansu.

Amma idonka bai yi maka ƙarya ba, ka ga wani abu. Mafi yawan lokuta sha-kauci ne, ɗan tsuntsun nan mai siririn baki da ya ɗan lanƙwasa, wanda ke bin furen kauci da na bagaruwa da furannin gidaje. Muna da iri biyu da aka fi gani a nan. Ɗaya namijinsa kore ne mai sheƙi, da ja a ƙirji, rawaya ta kewaye jan, ga doguwar jela siririya idan damina ta sauka. Ɗayan ya fi ƙanƙanta, bayansa kore, cikinsa rawaya fes, bakinsa gajere, shi kuma da rani yake ado. Matan duka biyun ba su da wannan ƙyalli, shi ya sa ake wuce su ba a lura ba.

Ka duba yadda yake sha. Sha-kauci yakan sauka a reshe ya kama da ƙafa sannan ya zura baki. In ma ya tsaya a iska, ɗan lokaci ne ƙalilan. Kolibiri kuwa a iska yake cin abincinsa. Idan abin da ka gani ya tsaya cik a gaban fure da magariba, fukafukansa ba su ganuwa don sauri, to ka duba kansa da kyau: in akwai gashi biyu a tsaye a goshi, ƙwaro ne, dangin malam-buɗe-littafi na dare, mai dogon hanci da yake naɗewa.

Me ya sa ake yawan maganar kolibiri haka?

Domin jikinsa yana aiki a iyakar abin da jikin tsuntsu zai iya ɗauka. Mafi ƙanƙantarsu yana Kuba, tsawonsa santimita 5 zuwa 6, nauyinsa wajen giram 2, kuma babu tsuntsun da ya kai shi ƙanƙanta a duniya. Babbansu, na duwatsun Andes, yakan kai giram 20. Ƙananan suna kaɗa fiffike sau 50 zuwa 80 a daƙiƙa ɗaya, kuma fiffiken yana juyawa ne daga kafaɗa ta yadda yake samun ɗagawa a zuwa da dawowa. Wannan ne ke ba shi damar tsayawa wuri ɗaya, ya yi baya, ya yi gefe. An auna bugun zuciyar wani irinsu ya wuce 1,200 a minti.

Wannan gudu yana da tsada. Dole ya yini yana shan ruwan fure yana haɗawa da ƙananan ƙwari, domin 'yan sa'o'i ba ci suna iya kai shi ƙasa. Da dare, musamman a wurare masu sanyi, sai ya saki jiki: zafin jikinsa ya sauka ƙwarai, bugun zuciya ya ragu, ya sandare a reshe har gari ya waye. Duk da haka akwai mai jan maƙogwaro na gabashin Amurka da ke tsallake Tekun Meziko, wajen kilomita 800, ba sauka. Macen ce kaɗai ke gina sheƙa, da gashin tsiro da saƙar gizo-gizo, ta sa ƙwai biyu, kowane bai wuce ƙwayar wake ba.

Albatiros fa, zai iya ɓatan hanya ya faɗo tabkin Tabalak?

A'a. Tsuntsun tsakiyar teku ne, mafi yawansu a tekunan kudu da ke kewaye da Antatika, wasu kuma a arewacin Fasifik. Babban farin tsuntsun da masu su ke gani wani lokaci a manyan tabkuna, mai jaka a ƙarƙashin baki, kwasakwasa ne. Wanda ke tsaye da dogayen jajayen ƙafafu, fari da baƙin fiffike, farar shamuwar Turai ce.

Gaskiya ne albatiros yana tafiya mai nisa ba ya kaɗa fiffike?

Gaskiya ne, kuma abin ya cancanci a tsaya a kai. Babbansu, wanda ake kira mai yawo, faɗin fukafukansa yakan kai mita 3.5, babu tsuntsu mai rai da ya kai shi. Iska a saman teku ba ƙarfinta ɗaya ba: dab da ruwa tana da sanyin gudu, sama kaɗan tana da ƙarfi. Sai ya fuskanci iskar ya hau, ya juya ya gangaro da ita a bayansa, ya sake hawa, haka dai, yana cin ribar bambancin. A kafaɗarsa akwai wata jijiya da ke kulle fiffiken a miƙe, don haka riƙe shi a buɗe ba ya cin ƙarfinsa. An taɓa bin wani mai tokar kai da na'ura, ya kewaye duniya ta tekunan kudu cikin kwana 46. Ruwan gishiri yake sha, wasu ƙulluwa da ke saman idonsa su tace gishirin ya fita ta hanci.

Ba ya zuwa tudu sai don haihuwa, a tsibiran da ba kowa. Ƙwai ɗaya tak, manyan kuma sai bayan shekara biyu suke sake yi, domin kwanci da renon ɗa ɗaya suna cin kusan shekara. Suna daɗewa a duniya: wata da aka sa wa zobe a tsibirin Midway na tekun Fasifik a 1956, ana kiranta Wisdom, ta sake yin ƙwai a ƙarshen 2024 tana da shekara 74 ko fiye.

Wannan jinkirin haihuwa shi ne rauninsu. Jiragen kamun kifi suna shimfiɗa igiya mai tsawon kilomitoci da dubban ƙugiyoyi, tsuntsun ya kai wa abincin ƙugiya cafka, ta ja shi ƙarƙashin ruwa. A tsibiran Gough da Marion na tekunan kudu kuma ɓerayen da jiragen ruwa suka kai suna cin 'ya'yan da ransu a cikin sheƙa. Iri 22 ake lissafawa, kuma mafi yawansu suna cikin haɗari.

To mu da ba mu da waɗannan, me za mu kalla?

Wannan tambayar tana ɗan sosa mini rai, domin an rubuta fiye da iri 500 na tsuntsaye a Nijar, kuma yaron da ya san kolibirin Kuba daga waya sau da yawa bai taɓa tsayawa ya kalli tsanwaka ba, shuɗin tsuntsun nan mai jela biyu dogaye da ke zama kan wayar lantarki a hanyar Konni. Ba ka bar tsakar gida ba ma za ka ga gwara, kurciya iri biyu ko uku, hasbiya a kan soro, hankaka, shirwa tana shawagi bisa kwata, marai yana saƙa a bishiyar dogon yaro. A gona akwai cilakowa, alhudahuda, fakara da ragon maza. Bayan shanu ga balbela da carki. A tabki ga zalɓe, dinya, kirinjijiya, wani lokaci gauraka. Da dare mujiya da yautai.

Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi. A Turai kusan kowane kurmi yana da masu ƙidaya shekara da shekaru. A Adar akwai garuruwan da ba a taɓa rubuta tsuntsayensu ba ko sau ɗaya. Abin da ka rubuta a ƙauyenku yana iya zama shi ne shaida ta farko daga wurin.

Ina ya fi dacewa a je, kuma yaushe?

Inda ruwa yake. Tabkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa a hanyar Agadas, da na Dan Dutsi, duka an sa su cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, kuma tsuntsayen ruwa suna cikin dalilan. Kwarin Keita da madatsun ruwansa ma suna tara su. Wanda ke Yamai kuwa, bakin kogin Kwara da gonakin shinkafa sun ishe shi. Gandun dajin W na kudu maso yammacin ƙasar, da aka kafa a 1954, yana da iri wajen 350, amma halin tsaro a yankin ba na yawon kallo ba ne yanzu. Kada son tsuntsu ya kai ka inda hukuma ta hana.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu baƙin Turai suna nan, tabkuna kuma ba su ƙafe ba. Yuli da Agusta lokacin ado ne da kuka da gina sheƙa. A yini kuwa, daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar.

Sai da madubin hangen nesa?

Yana taimako, ba sharaɗi ba ne. In za ka saya, nemi mai lamba 8x42 ko 8x32; masu lamba babba suna rawa a hannu. Abin da ba a yi sai da shi shi ne kaye da bik. Ka sa tufa mara haske, ka bar rana a bayanka, ka zauna maimakon ka bi tsuntsu.

Wata shawara da ba za ka samu a littattafan waje ba: kada ka ɗaga madubi ko kyamara kusa da bariki, gada, filin jirgi ko shingen jami'an tsaro. In ka isa gari, fara da gaida maigari, ka faɗi abin da ya kawo ka. Masu lambu da masu su, in ka gaishe su da ladabi, za su nuna maka abin da kai kaɗai ba za ka gani ba.

Yaya zan siffanta tsuntsun da ban san sunansa ba?

Nan ne ainihin sana'ar take. Yawancin masu farawa suna cewa "wani ɗan tsuntsu ne mai kyau, ja-ja haka", kuma da wannan ba wanda zai iya taimakonka.

Fara da girma, ka auna shi da wanda kowa ya sani: ya kai gwara, ya kai kurciya, ya kai hankaka, ko ya kai shamuwa? Sai baki, domin baki ne ke faɗin abincinsa. Gajere mai kauri na mai cin tsaba ne, siriri mai tsini na mai cin ƙwari, mai ƙugiya na mai cin nama, dogo miƙaƙƙe na mai soke kifi ko tonon laka. Daga nan ƙafafu, tsawonsu da launinsu, sai jela: gajera, doguwa, mai baki biyu, ko tana kaɗa ta sama da ƙasa.

Launi ya zo daga baya, kuma ka bi shi gaɓa-gaɓa daga kai zuwa jela. Kan, gira, maƙogwaro, ƙirji, ciki, baya, fiffike, gindin jela. "Farin layi bisa ido" ko "fari a gefen jela idan ya tashi" ya fi "mai kyau" amfani nesa ba kusa ba. Ka tuna launi yana ruɗi. Namijin jan-baki da na marai suna canza riga tsakanin damina da rani, mace ba ta kama da namiji, ɗa ba ya kama da uwarsa, kuma ƙurar hunturu tana dusashe komai.

Sannan me yake yi? Tsalle yake ko tafiya? Shi kaɗai ne ko cikin garke? A ƙasa, a ƙaya, a saman gawo, ko cikin ruwa har gwiwa? Tashinsa a miƙe yake ko yana hawa da sauka? Kukansa kuma ka rubuta shi yadda kunnenka ya ji, ko ka naɗa da waya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma akwai ƙananan masu launin ƙasa da ko gwanaye ba sa raba su sai da kuka.

A ƙarshe kwanan wata, lokaci, sunan wuri da adadi. Ka rubuta duk wannan tsuntsun yana gabanka, kafin ka buɗe littafin hotuna. Wanda ya fara duba hoto, zuciyarsa takan ƙara wa tsuntsun layin da ido bai gani ba. In ba ka ga ƙafafun ba, rubuta "ban ga ƙafa ba". In ba ka tabbata ba, sa alamar tambaya ka bar shi haka. Rubutun da ke da giɓi na gaskiya ana iya aiki da shi. Wanda aka cike da zato yana ɓata aikin duk wanda ya dogara da shi daga baya.

Sunan da mutanen wurin ke kiransa ma ka rubuta, tare da garin da ka ji shi, domin sunan Adar ba lallai ya zama na Damagaram ba.

Baba, ina shamuwa take tafiya idan damina ta wuce?

Kudu take yi, ɗiyata, ta tsallaka har gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke sauka lokacin da mu muke rani. An taɓa sa wa wasu na'ura a nan Nijar aka bi sawunsu har Tanzaniya da ƙasashen da ke kudu da ita. Fara da tsutsa take bi. Wajen Mayu sai ta dawo ta gyara sheƙarta a bishiyar tsakiyar gari, shi ya sa manoma ke ɗaukar zuwanta bushara, ba a kuma taɓa ta. Ki duba ta da kyau in ta zo: baƙa ce mai farin ciki, fuskarta shuɗiya da ɗan ja kusa da ido, gwiwa da yatsu ja.

Ranar da shamuwa ta fara sauka a garinku abu ne da ko yaro zai iya rubutawa kowace shekara, kuma bayan shekara goma wannan ɗan jerin ya zama ilimi.

Da gaske wasu tsuntsayenmu daga Turai suke zuwa?

Ƙwarai. Tsattsewa, farar shamuwa, ƙananan agwagin tabki, da ɗan rawayan nan mai kaɗa jela da ke bin ƙafafun shanu, duk suna tsallake Sahara sau biyu a shekara. Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba, har a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. A 1969 kuma masu ƙidaya a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi cikin shekara ɗaya. Da aka bincika, farin da ya fara a Sahel ne ya kashe su. Wato bishiyar da aka sare a Abalak da tabkin da ya ƙafe a Keita ana jin su har can.

Me ya sa ba a ganin ungulu a kwata kamar da?

Sun ragu, kuma ba a nan kaɗai ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari cikin masu dab da ƙarewa, tare da babbar nan ta duwatsu da masana ke kira ta Rüppell, wadda a 1973 ɗaya daga cikinsu ta yi karo da jirgin sama a tsayin mita 11,300 bisa Abijan. Gubar da ake sa wa mushe don kashe kura ko karnuka tana hallaka su garke guda, ana kuma farautarsu don sayar da kai da ƙafafu ga masu magani. Ƙwai ɗaya take yi, don haka abin da aka kashe ba ya maye da wuri. Ni dai ina ganin wannan ciniki asara ce tsantsa: mushen da ungulu ba ta cinye ba, karnuka da ƙudaje ne ke gadonsa, a bakin gari.

Jimina ma haka ta tafi. Ta ɓace daga dajin Nijar, sai waɗanda ake kiwo a wurare irin su Kelle ta jihar Damagaram da fatan mayar da su.

Jan-baki ya cinye mana hatsi. Yaya za ka ce mu so tsuntsaye?

Ba zan ce maka ɓarnarsa ƙarama ce ba, Alhaji. Shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da biliyan 1.5, kuma garke ɗaya yana iya gamawa da gonar gero ko shinkafa. Amma iri ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Shamuwa, balbela da shirwa fara suke ci a gonar nan taka. Feshin guba a makwancin jan-baki yakan haɗa da su da shaho da mujiya. Sanin inda garken ke kwana da lokacin da yake isowa, wanda aikin mai lura ne, shi ke ba manomi damar tsaron gona ko girbi da wuri.

Na tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa. Na leƙen asiri ne?

Ba na leƙen asiri ba ne. Masu bincike ne ke sa zoben don sanin hanyar tsuntsu da shekarunsa; wasu har 'yar na'ura suke ɗaura musu a baya. Rubuta duk lamba da haruffan da ke jiki, da rana da wuri, ka ɗauki hoto, ka kai wa ma'aikatan gandun daji. In yana da rai, sake shi da zobensa. In ka tarar da tsuntsaye da yawa a mace wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada yara su ɗauka, ka sanar da likitan dabbobi: murar tsuntsaye ta taɓa shigowa Nijar a 2006 ta Magarya.

Ina zan kai abin da na rubuta?

Akwai eBird, na jami'ar Cornell a Amurka, wanda ke karɓar jeri daga ko'ina ta waya, da manhajar Merlin mai taimakon gane tsuntsu daga hoto. Akwai kuma WABDaB, rumbun bayanan tsuntsayen yammacin Afirka, wanda daga Nijar ya faro. Kowane Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, abin da aka fara tun 1967, kuma ma'aikatan gandun daji ne hanyar shiga. Sai dai kada ka wallafa ainihin wurin sheƙar ungulu, gauraka ko tuje a Facebook, domin ba masu kallo kaɗai ke karantawa ba.

Ɗan tsuntsu ya faɗo daga sheƙa, in kai shi gida?

In gashinsa ya fito yana tsalle, bar shi, iyayensa suna kusa suna ciyar da shi. Ka dai kore kyanwa da yara masu danƙo, ko ka ɗora shi a reshe mai inuwa. In tsirara yake kuma kana ganin sheƙar, mayar da shi, uwar ba za ta ƙi shi don hannunka ya taɓa shi ba. Kada ka ɗura masa ruwa ko fura a baki, yana shiga huhunsa. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.